Ƙwaryar da Babu Mai Sha a Cikinta

Ni mutumin Karaye ne, a can aka haife ni, a can na girma. Ba zan faɗi sunana ba, domin ina da 'ya'ya da jikoki, kuma ba su suka aikata abin da zan ba ku labari ba. Ubana manomi ne, dawa da gyaɗa, bai bar mana komai ba sai gona da sunan kirki. Uwata kuwa baƙar mace ce wuluk, mai sheƙi, wadda tun da na buɗe ido ban ga ta shafa komai ba sai man kaɗe, kuma ban taɓa jin wanda ya ce da ita mummuna ba. Na fara da wannan ne don ku sani, samari da 'yan mata, ba a gidanmu na koyi raina baƙar fata ba. A kasuwa na koya, don neman abin duniya.

A gona ni raggo ne, ba zan ɓoye muku ba. In aka ba ni fartanya sai ciwon baya ya tashi, amma in aka ba ni mutane in yi musu surutu sai in wuni ban gaji ba. Shi ya sa na kama koli. Na sayi tsohon keke, na ɗaura akwati a baya, ina bin kasuwannin Karaye da Rogo da ƙauyukan da ke tsakani da madubi da kwalli da allura da zare da ɗan kunne da turare. Ribar ba ta da yawa, amma tana da tsarki. Da ita na auri matata Rabi, da ita muka ci muka sha, ina kwanciya barcina har da minshari.

Sai zamanin soja ya zo, kaya suka yi tsada, sabulu ma sai an bi layi. Koli ya daina ciyar da gida. Wata rana na shiga Kano sarin kaya, wani ɗan kasuwa da nake saye a wurinsa, ana ce masa Ɗan'asabe, ya dube ni ya ce, "Kai har yanzu allura kake sayarwa? Zo ka ga inda kuɗi yake." Ya ja ni wani ɗaki a bayan shagonsa. A lokacin, abin da matanmu suka sani na gyaran jiki bai wuce lalle da kurkur da lemon tsami da sabulun salo ba, abubuwan da ke wanke fata ta yi kyau na 'yan kwanaki, ta koma yadda Allah Ya yi ta. Ɗan'asabe ya ce wannan duk wasan yara ne. Ya nuna mini man ƙuraje na kemis, irin wanda likita ke ba mutum ya shafa na ɗan lokaci ya daina, da wani sabulu mai wari, da wani farin gari wanda shi kansa bai san sunansa ba. Yana cuɗa su a baho, ya ɗura a tsofaffin kwalaben man waje masu hoton Baturiya, waɗanda ake tsinto masa a bola.

Ya ce da ni, "Daɗin abin, wadda ta fara ba ta dainawa. Ranar da ta daina sai ta fi da baƙi, ta dawo da gudu." Har na kai bakin ƙofa ya ƙara da cewa, "Amma fa ni matan birni nake sayar wa, masu zaman ɗaki. Haɗin nan ba ya shiri da rana." Na ji wannan maganar da kunnena. Na bar ta a bakin ƙofar shagonsa na hau mota.

Da farko sai wadda ta tambaya nake ba wa, ina gaya wa kaina ai ita ta nema. Da na ɗanɗana ribar, sai na koyi yadda zan sa su tambaya. Dabarata madubi ce. Mace ta zo sayen zare, sai in miƙa mata madubi in ce ta duba, kyauta ne. Tana cikin dubawa sai in yi ɗan tsaki, can ƙasa-ƙasa, kamar abin ya ba ni tausayi. Shi ke nan. Matar da ta fito daga gida ba ta san tana da wani aibi ba, sai ta koma da aibi a zuciya da kwalba a ƙugu. Ran nan Rabi ta ɗauki kwalba ɗaya tana sunsunawa, ta ce ita ma za ta gwada. Na fizge, na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba, na ce ko da wasa kada ta sake taɓawa. Don haka kada wani ya ce muku ban san abin da nake sayarwa ba.

A kasuwar Karaye akwai wata Bafulatana mai tallan nono, sunanta Habi. Rugarsu tana wajen Kurugu, a ƙafa take zuwa da ƙwarya a ka, a ƙafa take komawa. Nononta ya yi suna, masu fura har rububinsa suke yi, kafin azahar ta sayar ta kife ƙwarya. Mace ce mai fara'a da tsokana. Kullum ta wuce gaban kayana sai ta ce, "Mai koli, yau ƙarya nawa ka sayar?" Ni kuma in ce, "Ba ta kai ruwan da kika zuba a nono ba." Mu yi dariya ta wuce.

Ta daɗe da aure Allah bai ba ta haihuwa ba, sai a wannan shekarar ta sami ciki. Wata ranar kasuwa ta tsaya a gabana, ta waiga ta ga babu kowa kusa, ta nuna kumatunta. Wani baƙi ne ya fito mata a kunci biyu da goshi. Ta ce, "Mai koli, kana da maganin wannan? 'Yan uwana sai tsokanata suke, wai na kwana a murhu."

Na san wannan baƙin sarai. Na ciki ne. Rabi duk cikin da ta yi sai ya fito mata, in ta haihu ya washe da kansa. Abin da ya kamata in ce ke nan: ki je gida, ki haihu lafiya, zai tafi. Maimakon haka na miƙa mata madubi, na yi tsakin nan nawa, na ce, "Kin yi sa'a kin zo da wuri. Irin wannan in aka bar shi, cin fuska yake har wuya." Ta tsorata. Ta ce ba ta son mijinta ya ga kuɗin nono sun ragu, ko zan karɓi man shanu? Na karɓa. Man shanun da ita da uwarta da kakarta suka shafa jikinsu ya yi kyau, shi ta ba ni, na ba ta guba a kwalba mai hoto.

Makonnin farko abin ya yi aiki, haka yake yaudarar kowa. Baƙin ya dushe, fuskarta ta yi haske, ta zo tana murna har da ƙarin man shanu na tukwici. Ta ce amma yanzu fuskar ta fi wuya da hannu haske. Na ce ai sai ta haɗa da su. Ta haɗa. Matar da ke tafiya a rana tun hantsi, ta zauna a rana a kasuwa, ta koma a rana, ita na ce ta shafe hannu da wuya da abin da aka gaya mini ba ya shiri da rana.

Ta haifi 'ya mace. Bayan ta yi arba'in ta dawo talla, na gan ta. Fuskar ta yi dabbare-dabbare, nan fari fat, nan ja kamar an zuba ruwan zafi, nan baƙi ƙirin. Gaɓoɓin yatsunta sun yi baƙi, fatar hannun ta yi laushi ta tsattsage, ƙaya in ta karce ta sai wurin ya zama gyambo ya ƙi warkewa. Ta nuna mini hannun. A nan ma Allah Ya ba ni damar in tsaya, ban tsaya ba. Na ce, "Dattin ne yake fitowa, kada ki daina yanzu." Na ba ta wanda ya fi na farko ƙarfi.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake tsoron kuturta a wancan lokacin ba. Farin tabo a fata da miki a yatsa, babu wanda zai tsaya dogon bincike. Wata mai fura ce ta fara raɗa wa ta kusa da ita cewa Habi ta kuturce, kafin a tashi kasuwa magana ta zaga. Wa zai sha nonon da wannan hannun ya dama? Habi ta zauna tun safe har la'asar, ƙuda kaɗai ke zuwa wurin ƙwaryarta. Ta ɗauki ƙwaryarta cike ta koma. Maganar ta riga ta isa ruga. Aka yi mata bukka a gefe, aka ware mata ƙwaryar ci da sha, aka hana ta tatsa. Abin da ya fi komai, aka cire jaririyar daga nononta aka ba yayar mijinta, ana ba ta madarar saniya. 'Yar da ta yi shekaru tana roƙon Allah Ya ba ta.

Duk wannan ina jin labari a kasuwa. Na san ba kuturta ba ce. Ni kaɗai na sani tabbas, kuma magana ɗaya daga bakina ta isa ta mayar mata da 'yarta.

Sai ga su wata ranar kasuwa, ita da mijinta Buba, dogon mutum mai sanyin magana, da sandarsa a kafaɗa. Ashe da wuya ta yi wuya ta gaya masa abin da ta ɓoye, ta nuna masa kwalbar. Dangi suka ce ƙarya take don a mayar mata da yarinya, sai in mai man ya faɗa da bakinsa. Buba ya yi mini sallama, ya tambayi gida da iyali da kasuwa, bai rage komai ba a gaisuwa. Sannan ya ajiye kwalbar a gabana ya ce, "Malam, ba faɗa ya kawo mu ba, ba kuma ƙararka za mu kai ba. Ta ce man nan naka ne ya yi mata haka. In haka ne ka faɗa mutane su ji, mu koma gida. Shi ke nan abin da muke so."

Mutane suka taru. Na ɗaga kai na ga mata da yawa a cikin taron waɗanda kowacce tana da kwalbata a ƙarƙashin gado, sun yi tsit, kowacce tana tsoron a gane ta. Na dubi akwatina. A ranar cike yake da sabon haɗi. Na ce a raina in na amsa, kasuwata ta mutu daga nan har Rogo.

Na ce, "Wannan kwalba ko'ina ana sayar da irinta. Ni ban taɓa sayar wa matar nan ko allura ba." Na rantse da Allah a kan haka. Ban tsaya nan ba. Habi ta matso za ta yi magana, hannunta ya kusa taɓa tabarmar da na baza kaya, sai na yi wuf na janye tabarmar, na ce, "Don Allah ku matsar da ita daga kayana." Wannan janyewar ta fi rantsuwar aiki. Taron ya ja da baya gaba ɗaya, aka bar ta ita kaɗai a tsakiya. Buba ya dube ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Ka ci man shanuna, Mai koli." Ta bi bayan mijinta, ban sake ganinta a kasuwa ba.

Na so in ce muku daga ranar na kasa barci, amma ƙarya zan yi. Na yi barci, na yi ƙiba. Na sayar da keke na sayi babur, na buɗe shago a Rogo Sabon Gari, na daina zuwa wurin Ɗan'asabe, ni da kaina nake haɗawa, ina ƙara duk abin da na ga zai sa fata ta yi saurin fari. Shekaru suka wuce a haka. Abin da ya kama ni, wata yarinya ce 'yar wani attajiri, ana shirin bikinta, ƙawayenta suka saya mata haɗina. Fuskarta ta kumbura ta yi ruwa. Ubanta ya sa ta a mota sai asibiti a Kano, likita ya ce a kawo abin da ta shafa. Kafin mako ya zagayo 'yan sanda sun zo shagona, sun sami baho da garin da tulin kwalaben bola. A gaban alƙali na amsa laifin yarinyar nan domin babu hanyar musu. Na Habi babu wanda ya tambaye ni, ni ma ban faɗa ba. Aka yanke mini shekaru a gidan yari.

Uwata ta zo ganina sau ɗaya, da ƙyar take tafiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta matso da fuskarta kusa da ƙarfen da ke tsakaninmu ta ce, "Dube ni da kyau. An ce kana gaya wa mata baƙi datti ne. Ni da na haife ka, datti ce?" Na kasa ɗaga ido. Ina ciki ta rasu, ban sami sallar gawarta ba.

A gidan yari ƙazuwa ta kama ni, mai tsanani. Jikina ya yi ɓawo, tsakanin yatsuna ya tsage yana ruwa. Waɗanda muke ɗaki ɗaya, ɓarayi da 'yan fashi, suka ce ba za su haɗa kwano da ni ba. Aka karce kwanona da ƙusa don a gane shi, aka tura shimfiɗata kusa da bokitin bayan gida. In na miƙa hannu a gaisa sai mutum ya sa nasa a aljihu. Wata rana ina cin gabza, tuwon gidan yari, ni kaɗai a lungu, ina kallon karcen nan a kwano, sai na ji muryarta kamar tana tsaye a kaina: ka ci man shanuna. Na ajiye kwanon na yi kukan da ban yi ba ko da aka gaya mini mutuwar uwata. Ni da aka ware saboda ciwon gaske na 'yan watanni na ji kamar in mutu. Ita fa? Malamin da ke zuwa yi mana wa'azi na gaya wa komai. Ya ce, "Tsakaninka da Allah ka tuba, Mai gafara ne. Amma haƙƙin baiwar Allahn nan, sai ka je ka same ta."

Da aka sake ni, shago ya tafi, babur ya tafi, Rabi ce kaɗai ta jira ni, tana ƙuli-ƙuli tana ciyar da yara. Ranar kasuwar farko na je Karaye, daidai inda nake baza kaya a da, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, Habi mai nono ba kuturwa ba ce. Mai na sayar mata, ni na ƙona ta, na kuma rantse a kan ƙarya." Na zaci za a jefe ni. Mutane suka dube ni kamar sabon mahaukaci, wani ya ce, "Wace Habi?" Wata tsohuwa mai fura ce kaɗai ta tuna, ta ce, "Au, kuturwar nan? Ai sun daɗe da tashi."

Na yi ta tambaya ruga ruga, har na same su a wajen Rogo Ruma. Buba ya yi furfura. Ya gane ni, ya shimfiɗa mini buzu duk da haka. Na ce a tara mini kowa, manya da yara. Can gefe, bayan turken maruƙa, na hango wata 'yar bukka ita kaɗai, Habi ta fito daga ciki ta tsaya nesa, inda ta saba tsayawa. Ta daɗe da daina shafa man, mikin ya warke, yatsunta goma cif, babu wanda ya guntule. Tabon fuskar ne kawai ya zauna. Amma mutane sun ce ciwon kwanciya ya yi, babu wanda ya yi ƙarfin halin mayar da ita cikin gida. Na faɗi komai a gabansu, tun daga madubi har janye tabarma. Buba ya rufe fuska da rawaninsa, kafaɗunsa suna rawa.

Habi ta juya. Ta shiga bukkarta ta fito da wata tsohuwar ƙwarya wadda aka ɗaura wa jan zare a baki don kada ta haɗu da na mutane. Ta sa aka zuba mata nono daga nesa, ta tako har gabana ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na shanye. Sai ta zauna a ƙasa ta ce, "Tun ranar nan babu wanda ya sha a ƙwaryata. Ashe kai ne za ka fara."

Sannan ta juya wajen wata yarinya da ke tsaye jikin yayar Buba, ta isa ɗaukar tulu, baƙa kyakkyawa mai kama da ita sak. Ta miƙa mata hannu ta kira sunanta. Yarinyar ta ja da baya ta ɓuya a bayan matar da take kira Inna. Tun tana tsumma ake gaya mata kada ta je kusa da waccan bukkar, ba maganar baƙo ta yini ɗaya ce za ta cire mata wannan ba. Na durƙusa na ce, "Habi, ki yafe mini don girman Allah." Idonta yana kan yarinyar ta ce, "Ka bar ni tukuna."

An mayar da ita cikin gida, na ji labari. Amma ba ta daɗe ba, da damina ta gaba ciwon ƙirji ya ɗauke ta. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, da haka zan je in same ta gaban Allah.

Yanzu na koma gonar ubana, wadda na raina. 'Yan mata, ku ji daga bakin wanda ya cuɗa abin da hannunsa: duk mai sayar muku da man fari ya san ba zai ba matarsa ba. In wani tabo ya fito muku, ku je asibiti a duba, wani ma da kansa yake tafiya. In wani ya miƙo muku madubi yana tsaki, ku ajiye masa madubinsa ku wuce, babu abin da ya sami fuskarku. Ku kuma samari masu neman na kanku, ku ji tsoron ribar da sai kun sa mutum ya ƙi jikinsa kafin ku same ta. In kuma kun riga kun yi ɓarna, aka zo aka tsaya a gabanku ana roƙon ku faɗi gaskiya, ku faɗe ta a ranar, a wurin, ko da kasuwarku za ta mutu. Ni ma na faɗi tawa, amma sai da yarinyar ta girma ba ta san hannun uwarta ba.